Yadda Ake Tada Tsohon Filen Na Katako Ya Koma Bakin Aiki

Filen na katako, wato magogin nan da kafinta ke turawa a kan allo yana fitar da ɓawo, kaya huɗu ne kacal: gangar jiki, wuƙa, marfin wuƙa, sai weji, wato ɗan katakon da ake cusawa ya matse su. Babu abin murzawa, babu wani saiti da ya wuce ƙaramar guduma. Shi ya sa wanda ya shekara ɗari a gindin akwati yake iya komawa bakin aiki a yini guda. Shi ya sa kuma ake iya kashe shi a yini guda, idan ya faɗa hannun mai garaje. Yawancin waɗanda na ga sun lalace ba tsufa ne ya ci su ba, masu gyara ne. An bi su da samfefa ko'ina, an shafe su da mai ƙyalli, sun yi kyau a ido, amma da an ɗora su a katako sai kuka da tsalle. Garin neman gira an rasa ido.

Aikin filen yana wurare huɗu ne, inda abu ya haɗu da abu: inda wuƙa ta kwanta a makwancinta, inda weji ya kama, inda marfi ya manne da wuƙa, da inda tafinsa ya taɓa katako. In waɗannan sun zauna, an gama, saura ado ne. Ka kuma riƙe wannan tun daga farko: ƙarfe yana jure wasawa, amma katakon da ka kankare daga jikin filen ba ya dawowa.

Duba kafin ka taɓa

Fara da goshinsa, wato ƙarshensa na gaba. A nan maƙera ke buga sunansu, kuma sau da yawa za ka ga wasu sunaye biyu ko uku an buga ɗaya kan ɗaya, na waɗanda suka mallake shi. Mathieson na Glasgow da Marples na Sheffield suna cikin waɗanda aka fi cin karo da su daga Birtaniya, daga Amurka kuma akwai Ohio Tool da Sandusky. Wuƙar tana da nata tambarin daban, domin sau da yawa mai jiki daban, mai ƙarfe daban. Galibin waɗannan da itacen bich aka yi su, icce mai tauri da ba ya saurin tsagewa a ƙarƙashin guduma. Ƙirar kanta tsohuwa ce ƙwarai. An tono filen a Pompei, garin da aman wuta ya binne a shekarar 79 miladiyya, an kuma tsamo na katako daga jirgin ruwan Mary Rose da ya nutse a 1545. Na ƙarfe bai fara ture shi ba sai bayan da kamfanin Stanley ya sayi ƙirar Leonard Bailey a 1869, kuma ko a nan ɗin, na katako ya ci gaba da aiki har tsakiyar ƙarni na 20.

Tsawonsa shi ke faɗa maka aikinsa, aikinsa kuma shi ke faɗa maka irin wahalar da ya cancanci ka sha a kansa. Gajere, inci 7 zuwa 9, mai kumburin ciki kamar kwalekwale, na laushi ne, shi ke yin shafar ƙarshe. Mai inci 14 zuwa 17 na sharar fage ne, yana cin katako da yawa. Mai inci 22 ko fiye na miƙar da allo ne da daidaita gefe. Idan wannan ne gyaranka na farko, fara da na tsakiyan, shi ya fi yafiya.

Sai lahani. Tsagewa ƙanana a goshi ko a ƙeya ba komai ba ce. Wadda ake tsoro ita ce ta kumatu, wato siraran bangon nan biyu da ke gefen wuƙa, domin su ke ɗauke da ƙarfin weji. Tana gyaruwa da gam idan sabuwa ce kuma babu datti a ciki, amma in ta tsufa ta sha mai, da wuya ta riƙe. Idan ka ga ƙananan huji kamar na allura, bubbuga shi a kan farar takarda. In gari mai haske ya zubo, ƙwaro na ciki da ransa. Ƙulle shi a leda ka sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako biyu, in ka fitar kuma ka bar shi cikin ledar yini guda kafin ka buɗe, don kada raɓa ta zauna masa. Wanda yatsa ke lotsawa kuwa, cire wuƙar ka adana, jikin ya riga ya tafi.

Fitar da wuƙa

Nan ne hannu ke ƙaiƙayi. Riƙe filen da hagu, babban yatsanka a cikin maƙogwaro, wato ramin da ɓawo ke fita ta sama, yana danne da wuƙa don kada ta suɓuce ta faɗo. Ɗauki gudumar katako ka buga ƙeyarsa, bugu mai kauri, a tsakiya. Jiki ne zai yi gaba, wuƙa da weji su saki. A dogon filen ana bugun sama ne, gaban baki, wato ramin da wuƙa ke leƙowa ta cikinsa, kuma wasu suna da ɗan maɓalli na ƙarfe ko na icce mai tauri da aka dasa a wurin don wannan aikin.

In ya ƙi, kada ka bugi weji ta gefe, kada kuma ka cusa masa sukudireba. Ni na yi a filen ɗina na farko. Na ji ƙas, na ɗauka ya saki, ashe ƙafar weji ɗaya ce ta karye ta zauna a ciki. Sassaƙa wani wejin ya ci mini kwana uku, kuma har yau bai zauna kamar na asali ba. Dabarar da ban sani ba a lokacin ita ce, tsohuwar wuƙa ta fi kauri a wajen baki, tana sirancewa zuwa sama. Saboda haka idan ka bubbuga kanta ta yi ƙasa kaɗan, matsin raguwa yake yi. Yi a hankali, kana duba kada ta fasa leɓen baki. In wannan ma ya ƙi, naɗe kan wejin da fata, matse shi a mamatsin tebur, ka riƙa bugun jikin filen yana janyewa daga gare shi.

Wanki ba ya buƙatar dogon bayani. Tsumma da ɗan kananzir ko farin sifirit, soson ƙarfe mafi laushi inda datti ya daskare, tsohon buroshin haƙori a cikin maƙogwaro. Kada ka jiƙa shi a ruwa. Duhun da ke jikinsa, da ɗan lotsawar da yatsun wani suka yi a gefe, bar su. Za ka ga hannunka ya faɗa daidai wurin.

Ƙarfe

Kwance sukurun da ya haɗa wuƙa da marfi da sukudireba mai faɗin baki da ya cika tsagar. In ya kafe, ɗiga masa mai ka bar shi ya kwana. Tsatsa ta sama-sama samfefa mai lamba 220 da ɗan mai sun ishe ta. Mai kauri kuwa, jiƙa a ruwan khal, wato binega, na 'yan sa'o'i, ka goge, ka ɗauraye, ka busar nan take ka shafa mai, domin ƙarfen da ya fito daga tsami yana sake tsatsa kafin ka juya. Kada ka manta shi a ciki kwana da kwanaki, tsamin zai ci ƙarfen kansa.

Bayan gogewa, duba gangaren bakin wuƙar. Za ka iya ganin wani layi ya raba shi biyu, launi biyu. Ba tsagewa ba ce. Maƙeran da suna liƙa siririn ƙarfe mai tauri a kan ƙarfe mai laushi a wuta, mai taurin ya yi yanka, mai laushin ya ba da kauri. Shi ya sa wuƙa mai kauri haka take wasuwa da sauƙi, kuma shi ya sa nake fifita ta a kan sababbi da yawa. Da tsohuwar zuma ake magani. Kanta da guduma ta baje kuwa, bi shi da magagari ka cire kaifin, don kada ya yanke ka.

Wasawa daga shafaffen gefe take farawa, wato gefen da ba shi da gangare. Ba duka za ka goge ba, inci ɗaya daga baki ya isa. Kwantar da shi a dutse mai kaushi, ka danna da yatsu, ka yi ta kai da kawowa har sai launin ya zama iri ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, sannan ka wuce zuwa dutse mai laushi. Wannan ne aiki mafi gundura a duk gyaran, kuma sau ɗaya ake yin sa. Ramukan da tsatsa ta bari su ne abokan gaba. Duk ramin da ya faɗo a kan baki zai zama giɓi, giɓi kuma zai bar layi a kan allo. In sun yi yawa a baki, ci bakin baya har ka wuce su.

Gangaren ana fitar da shi a digiri 25, a wasa ƙarshensa a 30. In da injin wasawa kake, taɓa kaɗan ka tsoma a ruwa, taɓa kaɗan ka tsoma. Da zarar baki ya yi shuɗi, taurin wurin ya tafi, sai ka ci bayansa. Siffar baki kuma tana bin aiki. Na sharar fage ana lanƙwasa bakinsa kamar jinjirin wata, tsakiya ta fi kusurwoyi fitowa da kusan milimita ɗaya ko ɗaya da rabi, ta yadda zai kwashi ɓawo mai kauri ba tare da ya yage gefe ba. Na laushi a miƙe yake, sai dai a ɗan danne kusurwoyin biyu don kada su ja layi. Ci gaba da wasawa har sai ka shafa bayan baki ka ji wani ɗan zaren ƙarfe ya tashi daga wannan kusurwa zuwa waccan. In bai tashi ba, ba ka kai baki ba, komai ƙyallin da kake gani. Juya ka cire zaren a dutse mai laushi, ka ja a kan fata sau kaɗan. Mutane na son gwaji da aske gashin hannu. Ni na fi yarda da kan katako mai laushi, wajen da aka datse shi: wuƙa mai kaifi tana yanke shi ya yi santsi, dakusasshiya murƙushe shi take yi ya yi fari.

Marfi shi ne wanda ake rainawa, alhali rabin shaƙewar filen daga gare shi take. Aikinsa ya tanƙwara ɓawo ya karya shi tun bai ɗaga jijiyar katako ya yage ta ba. Ɗaura shi a kan wuƙa ka ɗaga zuwa haske. In ka hango haske ko da siriri ne tsakanin leɓensa da wuƙa, ɓawo zai shiga nan ya cushe. Goga ƙasan leɓen a dutse, kana sauke ɗaya ƙarshen ƙasa da saman dutsen, don tsinin leɓen ne kawai zai taɓa wuƙa. Sannan ka goge bayansa ya yi santsi. A na sharar fage, ja shi baya da baki kamar milimita ɗaya da rabi zuwa biyu. A na laushi, matso shi har ya rage rabin milimita ko ƙasa da haka, sai ɗan zaren haske kawai kake gani.

Makwanci da weji

Katako yana ƙanƙancewa ta faɗi in ya bushe, ƙarfe kuwa yana nan yadda yake. Shi ya sa tsohon filen ke shaƙe wuƙarsa, kuma abin da ke fasa kumatu ke nan. Wuƙa na buƙatar ɗan wurin motsi hagu da dama, kamar milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In babu, rage gefen wuƙar da na marfin a dutse. Ka fi samun kwanciyar hankali da cin ƙarfe a kan sirantar da kumatu.

Yanzu kunna kyandir ka bi ƙasan wuƙar da hayaƙinsa har ya yi baƙi. Saka ta a hankali, sa weji, buga kaɗan, ka sake fitarwa. Inda baƙin ya zauna a makwanci, nan ne take taɓawa. Abin da kake so shi ne taɓawa a faɗin makwancin can ƙasa kusa da baki, da kuma can sama. In tudu ne a tsakiya kawai, wuƙar lilo take yi, kuma ita ce ke jawo karkarwa. Kankare baƙin wurin da kurfi mai kaifi, kankara ba sara ba, ka sake gwadawa. Sau uku ko huɗu yawanci ya isa. Duba kuma ramin da aka yi wa kan sukuru a makwanci, kada ya zama datti ya cika shi wuƙar ta hau kansa.

Haka za ka yi wa weji, da fensir a maimakon hayaƙi. Shafa fensir a kafaɗun nan biyu da yake shiga ƙarƙashinsu, saka shi, fitar, ka duba. Dole ɓangarorin biyu su kama daidai. In ɗaya ya fi kamawa, kowane bugu zai karkatar da wuƙa. Gyara a jikin wejin, ba a kafaɗun ba, kuma da ɗan kaɗan, domin ɓawo ɗaya da ka cire yana sa shi nutsewa fiye da yadda kake zato. Ƙafafunsa biyu su kwanta lif a kan marfi, tsininsu a fiƙe. Ƙafar da ta ɗaga ko ta dakushe ƙugiya ce, duk ɓawon da ya zo wucewa sai ta kama shi.

Tafi

Kada ka daidaita tafin filen babu wuƙa a ciki. Matsin weji yana ɗan kumbura wurin da ke bayan baki, saboda haka in ka daidaita shi a sake, da ka ɗaure zai sauya. Saka wuƙa, janye ta ciki kamar milimita biyu, buga weji yadda za ka buga in aiki za ka yi. Ɗora rular ƙarfe a tsaye a kan tafin ka duba haske, ta tsawo da ta faɗi. Don gane murɗiya, ɗora sanduna biyu miƙaƙƙu masu kauri ɗaya, ɗaya a goshi ɗaya a ƙeya, ka hango su daga gaba. In ba su yi layi ɗaya ba, ya murɗe.

Zazzana fensir a tafin duka. Manna samfefa mai lamba 120 a kan gilashi mai kauri ko shafaffen dutse, riƙe filen yadda kake riƙe shi a aiki, ka tura sau biyar, ka juya ka duba. Wurare uku kake nema fensir ya goge: goshi, dab da gaban baki, da ƙeya. Na gaban bakin shi ne sarki, domin shi ke danne jijiya kafin wuƙa ta iso. Da waɗannan uku sun goge, tsaya, ko da akwai sauran fensir a tsakani. Dalili kuwa, ramin baki faɗaɗa yake yi ta ciki, duk abin da ka ci a tafi yana ƙara buɗe shi. Na sharar fage ma ba ya buƙatar wannan tsanani, in ba ya lilo a kan tebur, ƙyale shi.

In bakin na laushi ya riga ya wage, ana dasa masa faci na icce mai tauri a gaban baki. Fara yanka facin, kauri kamar milimita 8, ɗora shi ka zana kewayensa da wuƙa, fafe gurbin da kurfi, liƙa da gam, daidaita shi da tafi, sannan ka buɗe bakin da magagari kaɗan-kaɗan har ɓawo ya wuce. Amma gwada shi tukuna. Da wuƙa mai kaifi da marfi a matse, baki mai faɗi ba ya hana aiki mai kyau kamar yadda ake zuzutawa.

Mai kuwa, man linsid siriri a tsumma, a goge rarar bayan minti ashirin. Kada ya taɓa makwanci ko fuskokin weji, kada kuma kaki ya je wurin, in ba haka ba weji zai riƙa zamewa. Tsumman da ya sha linsid yana iya kama wuta da kansa in aka dunƙule shi, don haka shanya shi a buɗe ko ka tsoma shi a ruwa.

Saiti da turawa

Ajiye filen a kan shafaffen allo. Zura wuƙa, gangarenta na kallon ƙasa, har ta taɓa allon. Sa weji ka danna da yatsa, ka ɗan buga shi. Juya filen ka hango tafin daga goshi, da farar takarda a bayansa. Wuƙar za ta bayyana kamar baƙin gashi guda. In ba ta fito ba, ɗan taɓa kanta da ƙaramar guduma. In ta fito da yawa, bugi ƙeya, sannan ka sake taɓa weji, domin bugun ƙeya yana sassauta shi. In gefe ɗaya ya fi fitowa, taɓa kan wuƙar daga gefen da ya fi fitowan, ka tura shi zuwa ɗaya gefen, bakin zai juya ya daidaita. Duk bugun nan na ƙwanƙwasa ƙofa ne, ba na kafa ƙusa ba. Kunnenka zai koya kafin idonka: weji da ya zauna yana da wani amo mai cika, daban da na wanda yake sake. Kuma ya fi sauƙi ka fara da wuƙa a ciki kana fito da ita, da ka riƙa korar ta baya.

Kafe allonka kada ya motsa. Duba gefensa ka ga inda jijiya ta kwanta, ka bi ta kamar mai shafa gashin kyanwa daga kai zuwa wutsiya. Tsaya ƙafa ɗaya gaba, turawar ta fito daga jikinka, ba daga damtse kaɗai ba. A farkon allo nauyi na kan goshi, a ƙarshe ya koma ƙeya. Wanda ya saɓa wannan zai tarar da allonsa ya yi doro, bakinsa biyu sun zube. In ka zo kan gaɓa ko jijiya mai gardama, ɗan karkata filen kana tafiya a miƙe, rage wuƙa, matso da marfi. Zana gindin kyandir sau biyu a tafi, za ka ji kamar an rage masa rabin nauyi, ko da yake katako a kan katako dama ya fi ƙarfe santsi.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma ɓawo ne ke kawo rahoto. In ya cushe a baki kamar an tattake shi, fitar da wuƙa ka duba inda ya maƙale, ko ƙarƙashin marfi ko a ƙafar weji. Kada ka zaƙulo shi da ƙusa, za ka ɓata leɓen baki da kaifin wuƙa a lokaci guda. In filen yana karkarwa yana barin tsani-tsani, makwanci ne, ko weji bai kama ba, ko ka fito da wuƙa da yawa. In gari yake fitarwa maimakon ɓawo, koma kan dutse. In yana ci a farkon allo da ƙarshensa amma yana tsallake tsakiya, ko dai allon ne ke da kwari, ko tafin ya sake motsi, sai ka ɗauko rula.

Zai kuwa motsa, domin katako ne, yana shan danshi yana fitarwa. Wanda ka kawo daga wani wuri mai laima, ba shi mako biyu a inda zai yi aiki kafin ka taɓa tafinsa. In ka tashi daga aiki, bugi ƙeya sau ɗaya weji ya saki, shafa wa wuƙa ɗan mai, ka ajiye shi nesa da rana da bango mai danshi, goshinsa a kan ɗan siririn katako don baki ya ɗaga daga tebur.